Zuma da gyambon baki mai tafiya yana dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Jega, shekaruna 31, yarana uku, ƙaramin watansa takwas kuma ina shayar da shi. Tun ina budurwa nake samun gyambon baki jefi-jefi, amma tun haihuwar nan kusan duk wata sai ya fito, a cikin leɓe ko gefen harshe, ɗan fari mai ja a kewaye, ya yi kwana goma ya tafi. Surukata ta ce zafin ciki ne, ta sa aka kawo min zuma daga ƙauye. Na shafa na ji sauƙi, amma wata na zagayowa ya dawo. Shin zuma na raba mutum da shi gaba ɗaya? Yaya ake amfani da ita? Sannan na ga fari-fari a bakin yaron, in shafa masa shi ma?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya raya mana yaran. Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, don ita ce ba ta jiran gobe. Kada ki sa wa yaron nan zuma a baki, ko lakuce ɗaya, sai ya cika wata 12. Ba zumar da Hajiya surukarki ta aiko ce ke da laifi ba, kowace zuma haka take, ta ƙauye da ta kanti. Zuma kan ɗauko ƙwayayen wata cuta da ke zaune a cikin ƙasa da ƙura, wadda ake kira botulizim. Hanjin babba da na yaron da ya haura shekara ya riga ya cika da nasa ƙwayoyin masu amfani, baƙuwar ba ta samun masauki, sai ta wuce abinta. Hanjin jariri kuwa fili ne, sai ta tsiro a ciki ta riƙa sakin dafin da ke shanye jijiyoyi. Yaro ya fara da kwana biyu uku ba bayan gida, tsotso ya yi rauni, kuka ya dushe, wuya ya kasa ɗaukar kai, in abin ya yi nisa numfashi ya gagara. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ranar da ya faru ana iya neman injin numfashi, kuma kin san irin wannan gado ba kowane asibiti ke da shi ba. Tafasa zumar ba ya kashe ƙwayayen nan. Na san a gidaje da yawa ana lasa wa jariri zuma don neman albarka. Abin da ya zo a hadisan tauna wa jariri abu a baki dabino ne. Ke kanki kina iya shan zumarki kina shayarwa, ba ta bi ta nono. Ki dai wanke hannu bayan kin shafa, kada yatsan ya koma bakinsa.

Farin da kika gani a bakinsa, ki naɗe yatsa da tsumma mai tsabta ki goga a hankali. In ya fita ya bar wurin lafiya lau, guntun nono ne. In ya ƙi fita, ko ya fita ya bar ja, to galibi funfunar baki ce irin ta jarirai, kuma zaƙi ma abincinta ne. Maganinta ɗigon nistatin, a asibitin da kike kai shi allurar rigakafi za su duba su rubuta, su duba kan nononki ma, domin yaro da uwa kan riƙa miƙa wa juna ita. In da zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, yau za ki kai shi.

To, sai naki. Yadda kika kwatanta shi, kamar ina ganinsa: ɗan zagaye, tsakiya fari ko ruwan ɗorawa, gefe ja, bai kai faɗin ƙwayar wake ba, amma zafinsa ya fi ƙarfin girmansa. Wannan shi ne gyambon baki na gama-gari, kusan mutum 1 cikin 5 na samunsa a wani lokaci na rayuwa, kuma yakan bi gida, in kika bincika ƙila ki tarar ko Inna ko Baba wani ya yi fama da shi. Wurarensa sanannu ne: cikin leɓe, cikin kumatu, gefen harshe da ƙarƙashinsa, can baya wajen ganɗa mai laushi. Ba ya son dasashi mai manne da haƙori, ba ya son ganɗa mai tauri. Wajen kashi 80 cikin 100 na masu shi irin naki ne, ƙarami, bai kai santimita 1 ba, yana warkewa da kansa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tabo. Akwai babba mai zurfi da kan yi har mako shida ya bar tabo, akwai kuma wanda ke fitowa ƙanana birjik kamar an watsa gero. Ba a ɗaukarsa. Kofinki da cokalinki ba za su sa wa mijinki ko ɗalibanki komai ba. Wanda ake ɗauka shi ne ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a wajen leɓe bayan zazzaɓi, su cuta ce daban.

Abin da ke faruwa shi ne sojojin jiki, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, sai su far wa wani ɗan wuri a fatar cikin baki su cinye ta, jijiyar da ke ƙasa ta zauna a tone. Shi ya sa ruwan tsamiya, zoɓo, lemon tsami da yaji ke sa ki hawaye. Maganar Hajiya ta zafin ciki kuwa, kada ki yi musu da ita. Su manya suna ce wa abubuwa da dama zafi, kuma a gefe guda tana da gaskiya: sau da yawa tushen abin daga cikin jiki yake, shi baki allo ne kawai da ake rubutu a kai. Zan dawo kan wannan.

Sauƙin da kika ji da zuma na gaske ne, kuma akwai dalilinsa. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, ruwan cikinta bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba, don haka tana zuƙe ruwa daga jikin ƙwayar cuta har ta kasa yaɗuwa. Shi ya sa zuma mai kyau ke shekaru ba ta lalace ba. Tana da tsami wanda zaƙi ya lulluɓe, tsamin da yawancin ƙwayoyin cuta ba sa jurewa. Sannan ƙudan zuma na zuba mata wani sinadari daga jikinsa, wanda da zarar ta haɗu da danshi sai ya riƙa sakin haidirojin faroksaid kaɗan-kaɗan, ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi a asibiti, amma a nan da sanyin hannu. Ga kuma kaurinta, ta lulluɓe jijiyar da ke tone kamar an ɗora bandeji, ta rage kumburi. Allah ya faɗa a Suratun Nahli, aya ta 69, cewa a cikinta akwai waraka ga mutane, kuma mu da ke duba baki kullum muna ganin alamar haka.

An gwada ta a kan irin gyambonki musamman. A wani bincike da aka wallafa a 2014 daga Saudiyya, an ɗauki mutum 94 masu gyambo 180, aka raba su uku: wasu zuma, wasu man shafawa mai tirayamsinolon wanda shi ne muka saba rubutawa, wasu kuma man da ba magani a ciki. Kowa ya shafa sau huɗu a rana har kwana biyar. Masu zuma sun fi saurin raguwar zafi, raguwar ja da tsukewar gyambon. Har a wajen masu ciwon daji na kai da wuya, waɗanda gashin na'ura ke saɓule musu baki, ƙwararru sun sa zuma cikin abubuwan da za a iya amfani da su. Ni dai ba na ɗora wa bincike ɗaya kayan da suka fi ƙarfinsa: mutum 94 ba yawa ba ne, kuma ba yadda za ka ɓoye wa mutum cewa zuma ce ka sa masa a baki, wanda kuwa ya yarda da magani yakan ji sauƙi tun kafin ya yi aiki. Amma ga abu mai araha, a kusa, wanda ba ya cutar da babba, ina ba marasa lafiyata shawarar su yi, ba tare da wata-wata ba. Ki dai lura da abin da suka auna: girman gyambon da ke nan, zafinsa da jansa. Zuma na kwantar da wanda ya fito, ta rage masa kwana. Ba ta hana na watan gobe fitowa, kuma ke kanki shaida ce.

Yadda ake shafawa yana da tasiri, don yawancin mutane lasa suke yi su haɗiye, yawu ya wanke wurin cikin minti ɗaya. Bayan kin ci abinci, ki kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki jawo leɓen a gaban madubi, ki tsane gyambon da auduga mai tsabta, dannawa a hankali ba gogawa ba. Sai ki ɗebo zuma kamar ƙwayar dawa da tsinken auduga sabo ko yatsa wankakke, ki ɗora a kai, ki riƙe leɓen a buɗe minti ɗaya ko biyu kafin ki saki. Za ta yi raɗaɗi na ɗan lokaci, sai ya lafa. Kada ki ci ko ki sha komai har rabin awa. Sau huɗu a rana, kwana biyar. Masu fama da shi sun san yana sallama kafin ya shigo, wurin yakan yi zugi ko ƙaiƙayi kwana ɗaya ko biyu kafin ya fashe, to daga nan za ki fara. Ki zuba 'yar kaɗan a wani ƙaramin mazubi don wannan aikin, kada ki riƙa tsoma yatsan da ya taɓa baki a cikin babbar kwalba.

A matsayina na mai cire haƙoran da zaƙi ya cinye, dole in ƙara da wannan: zuma sukari ce, haƙori bai san bambancinta da alewa ba. Ɗigo a kan gyambo na kwana biyar ba komai, amma cika baki da ita a kwanta barci kullum, wata da watanni, wannan kogon haƙori ake nema. Babban cokali ɗaya na ɗauke da sukari wajen giram 17, don haka mai ciwon sukari ya tsaya a shafawa, ya bar shan cokali-cokali da sunan magani. Da azumi kuma a mayar da shafawar bayan buɗa baki, bayan tarawihi da bayan sahur, tunda ba yadda za a yi ta zauna a baki ba ta gangara ba.

Wace zuma? Nan ake yawan cutar mutane. Za ki ji ana tallar zumar manuka ta ƙasar Niyuzilan da kuɗi mai ɗaga hankali. Tana da nata sinadarin na daban, gaskiya ne, amma ba ki bukatarta, zumar amyarmu ta wadatar in an same ta da kyau. Matsalar ita ce samun. Wasu na narka sukari ko mazarƙwaila su haɗa, wasu kuma ba ha'inci suka yi niyya ba, dafa saƙar suke yi a tukunya don zumar ta rabu da kakin, wuta kuwa na kashe sinadarin nan da na ce ƙudan na zubawa, sai a bar ki da zaƙi kawai. Haka kwalaben da ke wuni a rana a tasha ko bakin titi. Wadda aka ɗebe ba ta nuna ba ruwa-ruwa take, bayan 'yan makonni za ki ga tana kumfa tana tashin tsami, wannan ta fara lalacewa, kada ta taɓa rauni. Gwaje-gwajen da ake yi a kasuwa, a tsoma ashana a kyasta, a ɗiga a ruwa a ga ko za ta nutse, a ce tururuwa ba ta bin ta gaskiya, duk ba abin dogaro ba ne. Narkakken sukari mai kauri zai ci jarrabawar, tururuwa kuma ba ta ƙin zuma. Daskarewa da hunturu ma ba alamar jabu ba ce, zuma ta gaskiya na yin tsakuwa-tsakuwa, a sa kwalbar a ruwan ɗumi ta saki. Abin dogaro shi ne sanin hannun da ta fito, kuma a nan Hajiya ta fi mu duka dabara da ta aika ƙauye. In da saƙarta aka kawo, ki matse da kanki ki tace da ƙyalle mai tsabta don fitar da toka da gawar ƙudaje, ki zuba a kwalbar gilashi mai murfi, ki ajiye a inuwa.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne da can jefi-jefi ne, tun haihuwar nan ya koma duk wata. Haihuwa uku, shayarwa, tashin dare, ga aji cike da yara da safe. Mace a wannan hali, abin da nake fara zargi ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini, sai folik asid da bitamin B12. Fatar cikin baki na sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, tana cikin wuraren da suka fi cin waɗannan sinadarai, shi ya sa in sun yi ƙasa ita ke fara kuka. Ki duba kanki: gajiya da ba ta tafiya da barci, jiri in kin miƙe, haki a ɗan aiki, cikin fatar ido ya yi fari, harshe ya yi sumul yana zafi, gefen baki na tsagewa, ko kwaɗayin cin ƙasa da tauna ƙanƙara. Ko ba ko ɗaya, ki je a auna jinin. Kada ki tsaya a gwajin yawan jini na PCV kaɗai, don rumbu kan yi ƙasa alhali tukunya na cike; ki nemi a yi cikakken ƙidayar jini da gwajin feritin, shi ke nuna ajiyar ƙarfe, in da hali a haɗa da B12. In ba a yi a Jega, Birnin Kebbi ba nisa, ga Asibitin Sir Yahaya ga Asibitin Koyarwa na Tarayya. In an samu ƙaranci, ƙwayar ƙarin jini watanni ake sha, ba mako biyu a ajiye ba, kuma tana baƙanta bayan gida, kada ki tsorata. Na ga mata da dama da gyambonsu ya yi nisa da juna bayan an cike wannan gurbin. Akwai ma binciken 2009 da ya nuna B12 da ake sawa ƙarƙashin harshe kullum har wata shida ya rage yawan fitowar gyambon, har ga waɗanda nasu bai yi ƙasa ba, sai ki tambayi likitan da ya duba ki ko ya dace da ke.

Abinci kuwa, mu a Kebbi ba mu da uzuri, kifin Yawuri da Argungu na shigowa kasuwa ɗanye da busasshe. Kifi, hanta, nama, ƙwai da nono su ke da B12, ganye ba ya da shi. Wake, zogale, alayyafo da rama na kawo folik asid da ƙarfe. Abin da mutane ba su sani ba shi ne shayi mai kauri tare da abinci na hana hanji zuƙar ƙarfe, don haka ki ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu. Mai yawan jinin al'ada, mai tsutsar ciki, da wanda ya daɗe yana shan metfomin na ciwon sukari, su ma su sa ido.

Sai rauni. Mai irin jikinki, ɗan ƙwarzane da wani ba zai ji ba, shi gyambo yake zame masa bayan kwana biyu. Ƙayar kifi, gefen ƙuli-ƙuli, ɓawon rake, ƙashi a tsire, cizon kumatu garin sauri, buroshi mai tauri, asuwakin da ba a tauna ya yi laushi ba. In gyambon wuri ɗaya yake komawa kullum, ki shafa harshe a haƙorin da ke fuskantarsa, ƙila ya gutsure ya yi kaifi. Wani dattijo masunci ya taɓa zuwa wurina da gyambo a gefen harshe, wata uku yana shafa zuma da safe da dare, ya ce ta ci amanarsa. Da na duba, guntun turmin haƙori ne kamar bakin aska yake yankan wurin duk sanda ya yi magana. Na cire guntun, na ce ya dawo bayan mako biyu don in bai warke ba sai an yanki ɗan nama an auna. Ya dawo wurin ya rufe. Zumar ba ta yi laifi ba, kullum tana ɗinki ana farkewa. Man goge baki ma, yawancinsu na da sinadarin kumfa da ake rubutawa SLS a jikin kwali, yana busar da fatar baki ga wasu mutane. Ki gwada wanda ba shi da shi na wata biyu ki gani. Rashin barci, damuwa, lokacin jarrabawa da kwanakin gab da al'ada duk suna tayar da shi. Wasu magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak ma kan jawo wa wasu, in kina yawan shansu ki faɗa wa likita.

Akwai abubuwan da nake roƙon ki bari ko wa ya ba ki shawara. Danna alimun, kanwa, garin gishiri ko ƙwayar asfirin a kan gyambo ƙona wurin yake yi. Zafin kan ɗauke don an kashe jijiyar, amma ramin ya ƙara faɗi, garin neman gira a rasa ido. Man kanumfari zalla ma yana ƙuna. Haɗiyar kafso na kashe ƙwayoyin cuta duk sanda ya fito asarar kuɗi ce, tunda ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, kuma tetirasaikilin da wasu ke fasawa su barbaɗa ba na mai ciki ko ƙananan yara ba ne, yana ɓata haƙoran da ke tsirowa, ke mai shayarwa ma ki bar shi. In zuma ba ta isa ba, akwai ruwan kurkure baki na kulohekzidin, wanda ke rina haƙori in an wuce mako biyu ana yi, akwai man tirayamsinolon da na ambata, ga farasitamol don ki samu ki ci abinci.

Yanzu iyakar zuma. Duk gyambon da ya kai mako uku bai warke ba, a daina shafe-shafe a kai shi a gani, ko da ba ya zafi, musamman ma in ba ya zafi. Ciwon dajin baki haka yake farawa, gyambo ɗaya mai taurin gefe, sau da yawa a gefen harshe ko ƙarƙashinsa, wani lokaci da kaluluwa a wuya, ya fi kama masu shan sigari, masu cusa garin taba a leɓe da masu shan giya. In gyambon baki na zuwa tare da irinsa a al'aura, ko jan ido mai zafi da dishi-dishi, ko ciwon gaɓoɓi, akwai cutar Behcet, mai sunan likitan Turkiyya da ya bayyana ta a 1937, kuma tana iya taɓa gani. In da rama, gudawa mai daɗewa ko zazzaɓi mai kai-komo, a duba hanji, a yi gwajin HIV, ba abin kunya ba ne.

Tunda malama ce ke, kuma yaran ƙauyuka na bi ta hannunki, ga wanda ya fi damuna a yankinmu. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani ba, in dasashinsa ya kumbura yana jini, baki na wari mai ƙarfi, yawu na dalala, kumatu ya fara kumbura, wannan ba gyambon da muke magana ba ne. Cutar da ake kira noma ce, wadda wasu iyaye ke ɗauka iska ce su tafi neman hayaƙi. Cikin 'yan kwanaki take huda kumatu ta ci nama da ƙashi, kuma in ba a yi magani ba har 9 cikin 10 na iya rasuwa. A farkonta kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, yaran Kebbi da Zamfara na cikin waɗanda ake kaiwa, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Irin wannan yaro ranar za a kai shi asibiti mafi kusa, kwana biyun da za a ɓata ana gwada zuma su ne kwanakin da fuskarsa ke tafiya.

Ke dai naki, ga abin da zan so ki yi. Ki ci gaba da zumar Hajiya yadda na kwatanta, ki je awon jini cikin makon nan, ki sa a duba miki haƙoran. Sannan ki buɗe masa rajista kamar ta aji a bayan wani littafi: ranar da ya fito, wurin, guda nawa, ranar da ya rufe, ranar al'ada in ta dawo, abin da kika ci mai tauri, da daren da ba ki samu barci ba. Bayan wata uku ki tafi da littafin da sakamakon jinin wurin likitan haƙori, in kuma gyambo na nan a ranar, ki ɗauke shi hoto da waya tun yana sabo, don sau da yawa kafin layi ya zo kan mutum ya riga ya rufe.